Yadda Muka Kasa Korar Baba Bulus

Ku da kuka cika mini dakali kuna cewa aikin ofis ai zama ne a ƙarƙashin fanka, a sa hannu, a sha shayi, a jira ƙarshen wata, ku gyara zama. Na ji ɗayanku yana cewa shi da ya karanta harkar mulki a jami'a, ranar da aka ba shi kujera, ranar zai daidaita ƙasar nan. Madalla. Ni ma na faɗi haka, kuma na fi shi ɗaga murya, don ni har kwat gare ni.

A Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina, aka haife ni. Na gama karatun mulki a Zariya a shekarun da man fetur ya fara zubo wa ƙasar nan arziki kamar an fasa randa. Na yi bautar ƙasa a kudu, na dawo gida da akwatin littattafai, da kwat biyu, da wata takarda da na tsara rayuwata a kai, har da jan layi da rula: shekara biyu in tafi kwas Ingila, shekara biyar in riƙe ofis nawa na kaina, sha biyu in zama babban sakatare. A lokacin aiki ne ke bin mai digiri har gida. Wani kamfani a Kano ya aiko mini da wasiƙa har da alkawarin mota, na ƙi. Na ce ni gwamnati na zo gyarawa.

Mahaifina hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Ranar da na je gaya masa na sami aiki, yana tsakiyar awo, bai ɗago ba ya ce, "Sada, wai mi ka karanto ne duk shekarun nan?"

Na ce, "Mulki, Baba."

Ya ajiye tiya ya dube ni. "Ashe karanta shi akai? Mu mun ɗauka ko a gada ko a ƙwata. To, Allah shi ba da sa'a. In an koya maku yadda ake hana mata tsallake layi, ka zo ka kama mini ranar Juma'a."

Ofishin da aka tura ni ba zan faɗi sunansa ba, ginin ma an daɗe da rushe shi. Filaye da izinin gini muke kula da su. Bene ne hawa ɗaya. A sama shugabanmu yake zama, mutum mai jiki da son turare, wanda kowa ke kira Alhaji Na-Sama in ba ya kusa. A ƙasa akwai ɗakin rajista, inda kowace takarda ke shiga ta fita, kuma mai wannan ɗaki shi ne babban akawu, Baba Bulus. Mutumin Filato ne. Ya zo Katsina yana saurayi, ya yi kusan shekara talatin a ɗakin nan, har Katsinancinsa ya fi nawa kauri, ni da Zariya ta ɗan wanke mini baki. A takarda ni ne gaba da shi. Kujerata mai hannu ce, tasa ta katako ce da aka ɗaure ƙafarta da waya.

Ranar farko ya kawo mini kayan sana'a a faranti, ya jera mini su a tebur kamar wanzami zai yi kaciya: biro shuɗi, fensir, abin huda takarda, 'yan igiyoyi masu ƙarfe a baki da ake ɗaure takardu a cikin fayil, hatimi da 'yar katifarsa ta tawada, da takardar kabon.

Ya ce, "Shuɗi naka ne. Ja na Na-Sama ne. Kore na masu bincike ne, ko a ƙasa ka tsince shi, tsallake ka wuce."

Na ce, "Ina littafin dokokin aiki?"

"Ga shi can mun tokare ƙofa da shi. Ka karanta, shina da kyau ƙwarai. In ka gama ka maido, ƙofar na bugawa."

Aikin farko da ya zo hannuna na wani dattijo ne, Malam Audu, shugaban maƙeran da ke aiki a wani fili ta wajen Kambarawa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya fara: an kwana lahiya, ina gajiya, yaya iyali, yaya tsoho a kasuwa, yaya aka ji da zahi. Mu kuwa an koya mana cewa lokacin ma'aikaci dukiyar jama'a ce, ba a ɓarnatar da ita. A gaisuwa ta biyar na duba agogo na ce, "Baba, mu je kan magana."

Ya ce, "Ai dama gaisuwa ce, ranka shi daɗe. Mun ji an kawo ɗan gida, muka ce a zo a ga lahiyarka." Ya tashi ya fita. Ni kuma na rubuta a littafina: baƙo ɗaya, an sallame shi cikin minti uku. Har ina yaba wa kaina.

Sai ga Baba Bulus ya leƙo. "Ɗan Digiri, mi ya kawo Audu?"

"Gaisuwa."

"Maƙeri ya kashe wutarshi da hantsi, ya tako tun daga Kambarawa, don shi ga kyan kwat ɗinka?" Ya shigo ya rufe ƙofa. "Mutumin nan namu ba ya faɗin abin da ya kawo shi a zaune. Sai ya yi maka sallama, ya kai bakin ƙofa, ya sa takalmi ƙafa guda, sannan ya juyo ya ce, af, na manta. Wannan af ɗin ita ce aikinka. Sauran duk hanya ce. Tashi ka bi shi."

Na hau babur na bi shi har maƙera. Aka kife mini turmi na zauna a cikin kwat, toka na sauka a kafaɗata. Muka sake gaisuwa daga farko, wannan karon ban tsallake ko akuya ba. Aka kawo ruwa na sha. Na yi kusan awa guda, ba wanda ya ce komai sai labarin tsadar gawayi. Na yi sallama, na hau babur, na ɗaga ƙafa zan buga, sai na ji muryar Malam Audu daga bayana:

"Af, ranka shi daɗe. Wasu mutane sun zo shekaranjiya da igiyar awo, sun kakkafa turaku har cikin maƙerarmu. Ko ka san da maganar?"

Gida goma sha biyu ke ci daga wannan fili. Da na dawo na sa aka ɗauko fayil, na ga abin da ake ciki: wani ɗan kwangila, abokin Na-Sama, yana son wurin ya gina gidan mai. A lokacin ko'ina ka juya a garin nan gini ake yi, tifa-tifa suna zubar da yashi a kan hanya, wanda jiya yake faci yau ya zama Alhaji mai kamfani. Fili kuwa ya zama nama.

Na zauna kwana huɗu na rubuta rahoto shafi goma sha biyu. Na kawo ra'ayin masana uku, na yi zane mai kibiyoyi, na rufe da shawarar a kafa kwamiti. Baba Bulus ya karɓa, ya auna shi a tafin hannu kamar mai sayen kaza, ya miƙo mini.

"Wanda zai karanta wannan minti biyu gare shi, tsakanin buga waya da alwalar azahar. Rubuta mini minit, layi biyar."

Minit, in ba ku sani ba, ita ce 'yar gajeriyar shawarar da ma'aikaci ke rubutawa a cikin fayil kafin ya tura wa na gaba. Ita ce garmar wannan sana'a. Sau bakwai na rubuta tawa, sau shida yana maido mini. Ta farko ya ce ta yi tsawo. Ta biyu ban sa kwanan wata ba. Ta uku ya ce da fushi na rubuta ta, kuma fushi na hucewa, tawada ba ta hucewa. A ta biyar na rubuta cewa bai kamata a ba ɗan kwangila filin ba, ya soke da fensir.

"A ofis ba a ce wa babba a'a. Ka ce mashi to. Sannan ka yi mashi tambaya a rubuce, irin wadda in ya amsa ta, sai ya sa hannu a ƙarƙashin amsar."

Ta bakwai ita ta haye bene. Ga abin da ta ce: Yallaɓai, a duba shafi na goma sha huɗu, wasiƙar da aka ba maƙera wannan wuri tun zamanin Turawa. Ban ga inda aka soke ta ba. Ko akwai wata takarda da ban gani ba?

Ku lura da maganar shafi, don a nan kan sana'ar yake. Duk takardar da ta shiga fayil a ofishinmu, ko guntun gaisuwar salla ce, sai Baba Bulus ya rubuta mata lamba a kusurwa da tawada, ya zagaye ta. Ina ganin abin kamar aikin wanda ba shi da abin yi. Fayil ɗin maƙera ya yi sati a sama, ya sauko, muka buɗe: sha biyu, sha uku, sha biyar.

Na ce, "Baba, an cire!"

Ya ce, "Kul. Wa ya ce maka an cire? Ka gani da idonka?" Ya buɗe wani tsohon kabad, ya tona, ya zaro kwafin kabon na wannan wasiƙar, ya yi rawaya don tsufa. Ashe tun shigarsa aiki kowace wasiƙa yana ajiye 'yar'uwarta daban. Ya huda, ya ɗaura, ya rubuta sha huɗu ya zagaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce in biyo shi. Muka hau bene.

"Barka da hutawa, yallaɓai. Fankar nan taka tana da ƙarfi, ta ɗauke shafi na sha huɗu. Ga shi na maido wani, kada a tsayar maka da aiki. In ta sake ɗaukewa a gaya mini, akwai saura."

Babu saura, na sani, shi ma ya sani. Na-Sama ne bai sani ba. Ya dubi takardar, ya dubi Baba Bulus, ya ce, "Ka kyauta." Ba a sake zancen gidan mai ba, aka aika aka cire turaku. Amma wannan "ka kyauta" ɗin na ji nauyinta har muka sauko.

Shekarar da ta biyo baya ita ce ta fara da daɗi. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi gaba ɗaya, gari ya cika da sababbin babura, kowa ya sayi rediyo mai kaset yana yawo da ita a kafaɗa. Ba a yi wata nawa ba sojoji suka sauya gwamnati, sabuwar ta ce za ta share ma'aikata tas, ta fitar da tsofaffi da marasa lafiya da ragwaye da maciya amana. Rediyon nan da muka saya da murna, ita ta koma dodo. Kullum da la'asar a karanto sunaye, a ce an sallame su nan take. Wani maƙwabcinmu mai aikin asibiti yana tsakiyar cin tuwo ya ji sunansa, shekara ashirin da wani abu na aiki, ba wanda ya taɓa kiransa ya tambaye shi komai. A cikin waɗanda aka kora akwai ɓarayi na gaske, ba na musu. Akwai kuma waɗanda laifinsu ɗaya ne: wani da ke sama ba ya son ganinsu. Kowa ya shiga shafa wa gemunsa ruwa.

Takarda ta zo daga hedikwata a Kaduna: kowane ofis ya aiko da sunaye. Na-Sama ya kira ni, ya sa na rufe ƙofa, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Sada, suna uku za mu aika. Biyu ka zaɓa da kanka, na yarda da hankalinka. Na uku Bulus. Ya tsufa, ya kamata shi je shi huta." Ya jawo wata takarda ya ajiye a inda zan iya karantawa ko ban so ba. Jerin masu tafiya kwas Ingila ne, an bar layi ɗaya babu suna. Ya cire murfin jan bironsa, ya mayar. "Wannan ma tana jirana. Sai mun gama da waccan."

Irin wannan kora ba hutu ba ce. Baba Bulus saura shekara huɗu ya yi ritaya da mutuncinsa, yana da 'ya'ya uku a makaranta, gidan da yake ciki na gwamnati ne. Kuma ranar da ya bar ɗakin rajista, ranar fanka za ta sake tashi a kan shafi na sha huɗu.

Na ce, "To, yallaɓai."

Suna biyun farko ba su ba ni wahala ba. Muna da wani masinja, Tanko, ya rasu shekara biyu da suka wuce. An rubuta wa hedikwata sau huɗu ba su amsa ba, sunansa na nan a jerin ma'aikata, matarsa na ta zarya a kan hakkinsa. Na sa shi a sahun marasa lafiya, waɗanda za a yi wa ritaya da cikakken hakki, na rubuta dalili: ba ya iya zuwa aiki, kuma ba a sa ran zai iya. Ku nuna mini ƙarya a ciki. Na biyu direbanmu ne da ya gudu tun bara ya sayi tasi yana Legas, ko sallama bai yi ba. Cikin kwana biyu wasiƙa ta tafi, hedikwata ta yaba mana da saurin aiki. Ranar da rediyo ta karanto sunan Tanko, unguwarsu an yi dariya har da masu hawaye, ana cewa gwamnatin nan ba ta bar na kabari ba ma. Amma kafin wata biyu matar ta karɓi abin da ta yi shekara biyu tana nema.

Na Baba Bulus kuwa na ce babban ma'aikaci ne, dole a buɗe masa fayil na kansa. Wannan gaskiya ce, littafin tokare ƙofa ne ya faɗa. Na karanta shi daga bango zuwa bango a wannan makon, karatun da ban yi wa jarrabawar digiri ba.

Minit ta farko: Yallaɓai, dalilinmu tsufa ne. A fayil ɗinsa akwai shekarun haihuwa iri biyu, na katin baftisma da na takardar rantsuwa, tsakaninsu shekara shida. Da wanne za mu yi aiki? Ko a tambayi cocin ƙauyensu?

Jan biro ya amsa: A tambaya, da gaggawa.

To, ƙauyensu a wata jiha yake. Ƙaramin ofis ba ya rubuta wa wata jiha kai tsaye, rashin ladabi ne. Sai wasiƙa ta je Kaduna, Kaduna ta rubuta wa Jos, Jos ta rubuta wa gunduma, gunduma ta nemi mai keke ya hau dutse ya kai wa fasto. Fayil ɗin a aljihun teburina nake kulle shi, amma wasiƙa ba ta fita daga ginin nan sai an shigar da ita a rajista. Don haka na ɗauke ta da hannuna na kai wa mai ɗakin.

Ya sa tabarau. Ya karanta daga sama har ƙasa, sunansa na nan ɓaro-ɓaro a kanta. Ya ba ta lamba, ya rubuta a rajista da kyakkyawan rubutunsa, ya buga hatimi. Bai dube ni ba ya ce, "Jakar Laraba za a sa ta, ko ta Juma'a?"

Na ce, "Wacce ta fi sauri?"

"Ta Laraba. Ta Juma'a sai ta kwana biyu a gidan waya, ta jira Litinin."

"A sa ta a ta Juma'a."

Ya ce, "To, yallaɓai." Ranar ce ya fara kirana da haka, kuma iyakar maganar da muka yi ke nan a kan lamarin, daga farko har ƙarshe.

Sati uku babu amsa. Na-Sama ya fara saukowa ƙasa da kansa, turarensa na riga shi isowa. Na ce masa sannu ba ta hana zuwa. Ya ce shi ba karin magana ya tambaye ni ba, a bar maganar tsufa, a koma rashin lafiya, ai mutumin na tari.

Minit ta biyu: Yallaɓai, doka ta ce likita uku ne za su zauna su duba shi. Biyu suna gari, na uku ya tafi aikin hajji. A jira shi, ko a roƙi Kaduna ta aro mana wani?

Ya zaɓi jira, don ya riga ya san hanyar Kaduna. Likita ya dawo da tsarabar dabino, suka zauna, suka ƙwanƙwasa ƙirjin Baba Bulus, suka sa shi ya hau bene ya sauko sau biyar. Mutumin da tun yana yaro dutse yake hawa ya ɗebo ruwa. Rahoto ya fito cewa lafiyarsa ƙalau, tarin na ƙurar tsofaffin takardu ne, a buɗe masa taga.

Da na kai wannan rahoto sama, Na-Sama bai ba ni kujera ba. Ya ce, "Sada, kana wasa da ni ne?"

"Wane ni, yallaɓai. So nake in takardar ta tahi kada ta dawo mana."

"To rubuta rashin ƙwazo. Wannan ni ke da ikon faɗa, ba likita ba, ba fasto ba."

Na ce to. Na sauko na ɗauko rahotannin ƙarshen shekara guda uku, waɗanda shugaba ke rubutawa a kan kowane ma'aikaci. Duka ukun da hannun Na-Sama, da jan bironsa, tun kafin rigimar maƙera. A ɗaya ya ce Bulus ginshiƙin ofis ne. A wani ya ce in babu shi sai a rufe ƙofa. Na huda su, na ɗaura, na ba su lamba, na zagaye.

Minit ta uku, ita ce wadda na fi alfahari da ita a duk shekarun aikina: Yallaɓai, a duba shafi na tara zuwa sha ɗaya. In mun ce ba shi da ƙwazo, hedikwata za ta tambayi wanda ya rubuta waɗannan. In shirya wasiƙa da sunanka cewa kuskure aka yi shekara uku a jere?

A lokacin da ake korar mutane a kan abin da bai kai wannan ba, wa zai sa hannu ya ce shekara uku yana rubuta wa gwamnati abin da ba haka ba? Fayil ya hau bene, ya zauna. Kwana biyu, sati, sati biyu. Ina jin takunsa a saman kaina yana kai da kawo. Ran nan da la'asar rediyo ta sanar cewa an kammala aikin sharar ma'aikata, ba za a ƙara karɓar suna ba. Washegari fayil ya sauko, da kalma biyu a ja: A ajiye.

Amsar fasto ta iso bayan wata biyar. Ya ce littafin baftisma na waɗannan shekarun gara ta cinye, amma yana gaishe da Bulus.

Kada ku ce na sha. Na-Sama bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, shi ma ya san sana'ar. Layin nan na kwas aka cike shi da sunan wani. Ni kuma takarda ta zo mai cike da yabo, cewa saboda ƙwarewar da na nuna, an ga ya dace in je in taimaka wa wata gunduma can bakin iyaka, inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako in ba damina. Shekara uku na yi a can ina raba rigimar rijiya da burtali. Ingila ban gan ta ba sai da furfura ta fara fito mini, shi ma taro ne na kwana biyar. Na-Sama kuwa girma aka ƙara masa, ya koma Kaduna, muna gaisawa a wajen ɗaurin aure har ya rasu, Allah shi jiƙansa.

Ranar da zan tafi, ana ɗaure kayana a bayan mota, sai ga Malam Audu maƙeri. Muka gaisa tsaf, ban duba agogo ba. Ya yi mini addu'a, ya yi sallama, ya kai bakin hanya, ya dawo ya miƙo mini sabuwar fartanya, ƙotarta ko datti ba ta yi ba. Ya ce ya ji inda aka tura ni, ita za ta fi yi mini amfani a kan biro. Ta yi kuwa, gyaɗa na noma da ita a bayan gidan gwamnati.

Baba Bulus ya cika shekarunsa huɗu, ya yi ritaya da bikinsa da jawabinsa, ya koma ƙauyensu. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa cewa na yi wani abu ba, don a takarda ƙoƙarin korarsa na yi, sau uku, na kasa. Sai dai shekarar da ya koma gida, bayan kaka, wani direban babbar mota ya yi sallama a ƙofar gidana ya sauke buhun dankalin Turawa. A bakin buhun an ɗaure 'yar takarda da irin igiyar nan ta fayil, an buga da tafireta, da kwanan wata da lamba a kusurwa: Don ɗaukar matakin da ya dace. Ba a buƙatar amsa.

Haka buhun nan ya riƙa zuwa duk shekara, duk garin da aka mayar da ni sai ya nemo ni, lambar kusurwa na ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a goma sha tara, shekarar da ya rasu.